Yadda ake gina matsayar kwalekwale da kare gaɓa a bakin tafki

Wanda ya taɓa zaga bakin madatsun ruwanmu da bazara ya san abin da zan faɗa. Za ka tarar da matakalar siminti tsaye a kan busasshiyar ƙasa, awaki na kwance a kanta, ruwan kuwa ya yi can nesa, mata da kaya a ka suna kutsawa cikin taɓo har gwiwa kafin su kai ga kwalekwale. Ka dawo da kaka, wata matakalar ko alamarta ba za ka gani ba, ruwa ya haɗiye ta. Sau da yawa simintin mai kyau ne, maginin ma ya iya aikinsa. Abin da ya faru shi ne an zo an tarar da ruwa a wani wuri, aka gina masa a nan, kamar an yi alkawari da shi zai zauna.

Ruwan madatsa ba ya zama. Wannan jagora ta mai gona ce ko mai lambu a bakin tafki, da ƙungiyar masunta, da mutanen ƙauyen da suka haɗa kuɗi don su sami inda za su riƙa hawa jirgi ƙafarsu a bushe.

Mataki na farko: ka san iyakar ruwan, sama da ƙasa

Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Challawa, da Bakolori, da Goronyo, duk ruwan damina suke tarawa su riƙa sakinsa don noman rani. Saboda haka suna cika wajen Satumba da Oktoba, su yi ƙasa sosai daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina. Kainji, da aka gama a 1968, nata tsarin daban ne, domin Neja tana kawo mata ruwa sau biyu: farin ruwa na daminar kusa, sannan baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da hunturu. Shi ya sa tafkin yake zama a cike har cikin rani, ya fi yin ƙasa wajen Yuli da Agusta, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akan sami zurfin kusan mita 10. Mutumin Yawuri da ke bakin Kainji da mutumin Rano da ke kusa da Tiga ba za su yi aiki a wata ɗaya ba.

Ka nemo turaka masu ƙarfi, ka shafa musu jan fenti. Duk ranar kasuwa ka je ka kafa ɗaya a daidai bakin ruwa, ka rubuta kwanan wata a littafi. Ka yi haka shekara guda. Na san mai kuɗi a hannu ba ya son a ce masa ya jira, amma wannan jiran ya fi duk wani mataki da ke ƙasa muhimmanci, kuma bai cin ko kwabo. In ba za ka iya jiran ba, ka je wurin sarkin ruwa da tsofaffin masunta, ka ce su taka da ƙafarsu su nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika, da inda ya tsaya a shekarar fari. Ka duba jikin duwatsu da bishiyoyi, ruwa yana barin zane a jikinsu. Ma'aikatan madatsa kuma suna da ma'aunin da suke karantawa kullum.

Bayan nan sai ka auna gangaren. Doguwar siririyar tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, irin wadda birkiloli ke daidaita gini da ita, ta isa. Mutum biyu, sanda biyu, kuna sauka kuna rubuta bambancin. Ga dalilin awon. In ruwa yana sauka mita 3 a tsaye, kuma gaɓarka tana gangarawa mita 1 a cikin kowace mita 8, to bakin ruwa zai ja baya mita 24. In kuwa gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, mita 1 a cikin 30, zai ja baya mita 90. Kuɗin aikin gaba ɗaya a cikin wannan lissafin yake.

Mataki na biyu: izini

Gonar taka ce, amma bakin tafkin madatsa yana da mai shi. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, Bakolori da Goronyo kuma ta Sakkwato da Rima. Hanyoyin ruwa na tarayya, irin su Neja da tafkin Kainji, suna hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja, kuma dokarta ta 1997 ta ba ta iko da mita 100 daga bakin ruwa. Ka je da takarda da ɗan zanen abin da kake so ka gina. Kafin nan ma ka zauna da mai unguwa da sarkin ruwa, kada ka tare mashayar shanu ko wurin da masunta suka gada suna jan koma.

Mataki na uku: zaɓen wuri

Ka nemi lungu, ka guji tsinin gaɓa. Ƙarfin igiyar ruwa yana zuwa ne daga nisan da iska ta yi tana gudu a kan ruwa kafin ta iso gare ka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, hadarin farkon damina mai tumɓuke rufi galibi daga gabas yake tasowa. Gaɓar da ke fuskantar gabas da faffaɗan ruwa a gabanta ita ce ta fi shan duka. In da tsibiri ko wani hancin ƙasa da zai tare maka, ka fake a bayansa.

Ka guji bakin rafin da ke zubowa cikin tafki, domin kowace damina zai kawo maka yashi ya binne aikin. Ka ɗauki rodi mai kauri ka riƙa soka shi a ƙasa. In ya nutse da hannu ɗaya, laka ce, ba za ta ɗauki kankare ba sai an kwashe ta an cike da dutse. In ya tsaya a marmara ko tsakuwa, ka dace. Lokacin da ruwa ya janye ka lura da kututturan bishiyoyin da madatsa ta cinye, ka sa musu alama ko ka sare su. A Kainji su ne ke fasa cikin jirage.

Mataki na huɗu: wace iri za ka gina

Iri uku ne. Akwai gangaren kankare ko na dutse da ke bin ƙasa daga tudu har ƙasan inda ruwa ke tsayawa. Akwai gadar katako a kan dirkoki. Akwai kuma dandamali mai iyo a kan durum.

Ra'ayina a fili yake: a mafi yawan madatsunmu gangare ne ya kamata ya zama ƙashin bayan aiki, domin duk inda ruwa ya tsaya, a kansa ya tsaya. Gadar dirkoki tana da kyau a ido, amma ba ta dace ba sai inda ruwa ba ya hawa da sauka fiye da mita 1 zuwa 1 da rabi. Inda ya wuce haka, da rani za ka riƙa leƙen kwalekwalenka daga sama kamar mai leƙen rijiya. Dandamali mai iyo kuwa abokin gangare ne: ana ɗaure shi a gefensa, ana matsar da shi yayin da ruwa ke ja.

Gina gangare

Ka tara kaya tun ruwa bai gama janyewa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanakin da ruwa ke ƙasa ƙwarai ba su da yawa, kuma daga ƙasa ake fara zubi a hauro.

Gangaren da ya fi daɗin aiki shi ne mita 1 a cikin 7 ko 8. Faɗin mita 2 ya isa mutane da baro, in amalanke ko mota za ta sauka sai a kai mita 3 da rabi. Ka kwashe saman ƙasa har ka isa mai tauri, ka zuba fasasshen dutse kaurin santimita 15, ka daɓe shi sosai. A kansa za a zuba kankare mai kaurin santimita 15, da ragar rodi a ciki, a ɗaga rodin da 'yan guntayen kankare yadda zai sami rufin santimita 5 ta kowane gefe. Rodin da ya kwanta a ƙasa tsatsa kawai yake jira.

Haɗin shi ne buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, kwanon sarki 8 na tsakuwa. Gangare mai faɗin mita 2 da tsawon mita 10 zai ci buhu 19 zuwa 20. Kada lebura ya cika ruwa don kwaɓin ya yi masa sauƙi, ruwan da ya yi yawa shi ke kashe ƙarfin kankare. A zuba shi fanni-fanni, kowane fanni mita 2 zuwa 3, a bar siririn tsagi tsakaninsu, don in ƙasa ta motsa ya tsage a inda ka zaɓa masa.

Abu biyu ne magina da suka saba da daɓen ɗaki suke mantawa. Na farko, kada a goge saman ya yi sumul. Tun yana ɗanye a ja masa zane mai zurfi a gicciye da bakin katako, domin wata biyu a cikin ruwa gansakuka za ta rufe shi, santsinsa ya fi na kuɓewa. Na biyu, gefuna da ƙarshen gangaren su sami haƙori: a haƙa rami mai zurfin santimita 60 a zuba kankare ya haɗe da shimfiɗar, sannan a jera manyan duwatsu a jikinsa. Ruwa ba ta sama yake karya kankare ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake sacewa kaɗan-kaɗan har ya bar shi a rataye.

A rufe da buhuna a riƙa jiƙawa kwana 7 aƙalla. Kada a zuba ɗanyen kankare cikin ruwa, simintin zai wanke ya bar tsakuwa, ya kuma kashe kifin da ke kusa. In ana so a ƙara tsawo zuwa cikin ruwa, sai a zuba falle-falle a tudu, su bushe, a tura su a kan shimfiɗar dutse.

Gadar dirkoki, ga wanda wurinsa ya dace

Icen da iyayenmu suka yarda da shi har yanzu shi ne: kirya, da marke, da azarar giginya wadda ta tsufa ta yi baƙi. Gara ba ta cin su da sauƙi. Kashi 1 cikin 3 na tsawon dirka ya shiga ƙasa, kada ya gaza mita 1 da rabi, in laka ce a ci gaba da bugawa har guduma ta daina shigar da ita. A jera su biyu-biyu, tazarar mita 2 zuwa 2 da rabi, a ɗaure kowane biyu da katako a gicciye, don su ne ke hana gada rangaji. Bene ya ɗara iyakar cikar ruwa da aƙalla rabin mita. A bar tsagin yatsa ɗaya tsakanin katakan bene don ruwa ya zube. Manyan mahaɗai duk da noti za a ɗaure su, irin mai rufin tutiya da ake kira galbanaiz, domin ƙusa tana zarewa in itace ya jiƙa ya bushe.

Ina roƙo a daina shafa wa dirkoki baƙin man mota. Na san ana yi don gara, amma a ruwan da yara ke wanka, shanu ke sha, ake kama kifin da za a ci, guba ce ake zubawa.

Dandamali mai iyo

Lissafinsa mai sauƙi ne. Durum mai cin lita 200 yana ɗaukar kilo 200 kafin ya nutse gaba ɗaya. Ba a so ya nutse fiye da rabi, saboda haka ka ƙirga kilo 100 a kan kowane ɗaya. Dandamali mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8, na katako mai nauyi, shi kansa da durum ɗinsa zai kai kilo 450 zuwa 500. In ka sa durum 9, layi uku na uku-uku, rabin ƙarfinsu kilo 900 ne, ka ga saura kilo 400 da 'yan kai, wato manya 5 ko 6. Ka rubuta wannan adadin da fenti a jikinsa, kuma ranar kasuwa a sami mai tsayawa ya hana a wuce shi. Buhun masara ɗaya ya fi mutum ɗaya nauyi.

Durum na roba ya fi na ƙarfe, wanda tsatsa ke hudawa. Ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki, na maganin feshi kada ya kusanci ruwa. A ɗaure murfi tam, a juya shi ya kasance sama da ruwa. Layuka biyu su kasance can bakin gefe, don faɗin tazararsu shi ke hana kifewa idan mutane suka taru a gefe ɗaya. Kowane durum ya zauna cikin akwatin katakonsa, a ɗaure shi da igiyar nailan mai kauri wuri biyu. A sa anga biyu na kankare, wato nauyin da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe dandamali, ta wajen tafki, da sarƙa mai tsawon ninki 3 na zurfin ruwa, sai igiya biyu zuwa turaka a tudu. Duk mako a sassauta nan a ja can. Dandamalin da aka manta har ruwa ya janye ya bar shi a kan duwatsu, durum ɗinsa fashewa suke.

Kare gaɓa daga zaizaya

Abin da kowa ke fara tunani shi ne katangar bulo a tsaye. Ita ce kuma ta fi saurin faɗuwa. Igiyar ruwa in ta bugi abu a tsaye sai ta koma ƙasa ta haƙe gindinsa. Ta baya kuma, idan tafki ya janye, ƙasar da ta sha ruwa tana nan da nauyinta tana turo katangar, babu ruwan gaba da zai tokare ta. Rana ɗaya sai a wayi gari ta kwanta.

Abin da ke aiki shi ne a kwantar da gaɓar, mita 1 a tsaye cikin mita 2 ko 3 a kwance, yadda igiya za ta hau ta gaji ta koma. A gindin gangaren a haƙa rami mai zurfin rabin mita zuwa mita 1, a jera duwatsu mafi girma a ciki, su ne ƙafar aikin. Sannan a shimfiɗa matata a jikin gangaren: ko dai ƙyallen nan mai kauri da masu aikin titi ke sawa, mai barin ruwa ya wuce ya tare ƙasa, ko yashi mai kaifi da tsakuwa a kansa, kaurin santimita 15. Wannan shimfiɗar ba a ganinta in an gama, shi ya sa ake yawan cinye kuɗinta, amma in babu ita ƙasa za ta riƙa tsiyaya ta tsakanin duwatsu har su nutse. A kanta sai duwatsu masu kusurwa, ba mulmulallun rafi ba, hawa biyu, mafi yawansu irin wanda sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. A kai su rabin mita sama da iyakar cika, a kuma lanƙwasa ƙarshen biyu su shige cikin tudu, in ba haka ba ruwa zai zagayo ta baya.

Inda babu manyan duwatsu, ana ɗinka akwatunan ragar waya mai kauri a cika su da ƙananan duwatsu masu girman santimita 10 zuwa 20, a jera su kamar matakala suna jingina da tudu. In dole sai katanga, to a bar mata ramukan tsiyaya kowace mita 1 da rabi, da tsakuwa a bayanta.

Sama da duwatsun kuwa, ba ni da abin da ya fi jema. Ciyawar da muke saƙa zana da ita ce, saiwarta tana nutsawa mita 2 ko fiye ta riƙe ƙasa kamar raga, kuma tana jure kwanciya cikin ruwa na wani lokaci. A farkon damina a raba tushenta a dasa a layi, tazarar tafin hannu ɗaya, layi biyu ko uku a gicciyen gangare. Shekarar farko a killace ta da ƙaya saboda dabbobi. Kuma a haƙa ɗan lambatu a saman gaɓa ya karkatar da ruwan gona, don zaizaya da yawa daga tudu take farawa, ba daga tafki ba.

Gyara

Lokacin dubawa shi ne idan ruwa ya yi ƙasa, da kuma washegarin duk wani babban hadari.

Icen da ke cikin ruwa kullum yana daɗewa, wanda ke bushe kullum ma haka. Inda yake ruɓewa shi ne tsakiya, wurin da ke jiƙa yana bushewa, da daidai inda ya shiga ƙasa. Ka soka tsinin wuƙa a nan. In ta shiga fiye da gaɓar yatsa, ka kafa sabuwar dirka a jikin tsohuwar, ka haɗe su da noti uku sama da inda ya ruɓe. Ba sai an rushe gada ba. Katakon bene da ya yi laushi a cire shi ranar da aka gan shi, kafin ƙafar yaro ta gano shi.

Kankare kuma ka bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne. Ka haƙa ta gefe ka cusa tsakuwa da kwaɓi mai ruwa-ruwa har ya cika, sannan ka gyara haƙorin da ya bari ƙasar ta fita. Inda rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓantare kankare, a sassaƙe har bayan rodin, a goge shi da burushin waya, a jiƙa wurin, a cike da haɗin siminti 1 yashi 3. Shafa siminti a kan tsaga ba tare da an gano abin da ya tsaga shi ba, kwalliya ce ta wata uku.

Idan dandamali ya karkata gefe ɗaya, wani durum ya sha ruwa. A ja shi gaɓa, a zazzage, a duba murfi. Sarƙa kan cinye ne a zoben da ke gogar anga, sai an ɗago an duba. Duwatsun da suka zame a mayar da su, amma in wuri ɗaya ne yake lotsawa kowace shekara, a kwashe duka a sake matatar.

Masu aikin su sa dogon takalmin roba. Bakin ruwa mai ciyawa da kacala shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, saboda haka a riƙa share ciyawa mita kaɗan kewaye da matsayar. A kafa turke mai ƙarfi na ɗaure jirgi kowace mita 3 a gefen gangaren, a rataya tsofaffin tayoyi inda jirgi ke goga, a kuma ajiye doguwar gora da jarka mai igiya a inda hannu zai kai da sauri idan wani ya zame.